Bindiga mai harsashin roka: me zai yiwu, me fim ya ƙara?

Wani matashi da ke rubuta ƙagaggen labarin kimiyya ya aiko mini da tambaya. Ya ce yana son bai wa jarumin labarinsa ƙaramar bindiga wadda kowane harsashinta roka ce, irin wadda ake gani a finafinai da wasannin kwamfuta. Yana so ya sani ko abin zai yiwu a zahiri, ko gaskiya ne irin wannan bindiga ba ta shurin mai harbi, kuma in har ta fi bindigar da muka sani, me ya hana sojojin duniya rungumar ta.

Ɗan'uwa, abin ya wuce a ce zai yiwu, domin an riga an ƙera ta, an sayar, an harba. A farkon shekarun 1960 wani kamfani a jihar Kaliforniya ta Amurka mai suna MB Associates, wanda Robert Mainhardt da Art Biehl suka kafa, ya fito da bindigar da ya kira Gyrojet. Harsashinta 'yar roka ce mai kaurin milimita 13, ƙaramar bindigar kuma tana cin guda shida. Har a fim ɗin James Bond na 1967, You Only Live Twice, an nuna ta. Wasu ƙalilan sun kai fagen yaƙin Biyetnam, amma babu rundunar da ta ɗauke ta a matsayin makaminta. Dalilin da ya sa ta faɗi shi ne amsar tambayarka, don haka a kanta zan fi tsayawa.

Sai mu fara da bindigar da kowa ya sani, daga adakar maharba zuwa ta soja. Albarushi yana ƙonewa a wuri matsattse, hayaƙinsa ya rasa mafita sai ta hanyar ture harsashi. A ƙaramar bindiga mai harsashin milimita 9, matsin da ke taruwa a ciki yakan haura na tayar mota sau kusan dubu. Duk gudun da harsashin zai yi a rayuwarsa a cikin wannan ɗan bututu mai tsawon santimita goma yake samun sa. Yana leƙo baki da gudun kusan mita 360 a daƙiƙa, daga nan kuma sai raguwa, iska na ci masa gudu har ya faɗi. Saboda wannan matsi ne dole a yi bututun da ƙarfe mai kauri. Kuma turin da ya kori harsashi gaba, shi ne ya dawo da bindigar baya. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar Sarki ranar hawan Sallah ya ga yadda kafaɗa ke girgiza, alhali ma ba harsashi suka ɗura ba. Ko ka tuna mai tsalle daga kwale-kwale zuwa gaɓa: shi ya yi gaba, jirgin ya ja baya.

Roka ta juya wannan tsari. Makamashinta yana jikinta, tana tafe tana ƙona shi, tana fesar da hayaƙi ta baya, hayaƙin na ingiza ta. Abin da take shuri shi ne hayaƙinta, ba hannunka ba. Don haka bututun Gyrojet ba ya riƙe wani matsi, har huji-huji aka yi masa don hayaƙi ya fice, kuma jikin bindigar da wani sassauƙan ƙarfe mai tushen zinki aka zuba shi. Ba ta tofar da kwanso, domin kwanson shi ne harsashin, tare suke tafiya. Akwai wata dabara a cikinta da nake jin daɗin bayyana wa ɗalibai. Gudumar da ke tayar da harsashi a gabansa take, ba a bayansa ba. In ka ja kunama sai ta doki hancin rokar, ta tura ta baya kan wata tsayayyar allura, wuta ta kama. Rokar kuma a hanyarta ta fita sai ta kwantar da gudumar, ta ɗana ta don harbi na gaba. Maganar rashin shuri, ke nan, gaskiya ce, ko kusa da gaskiya. Amma ba kyauta aka same ta ba.

Bari mu yi lissafi da lambobi masu sauƙi waɗanda suka yi kusa da na Gyrojet. Ɗauki roka mai nauyin giram 12, wadda wutarta ke ci na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ta kai gudun mita 380 a daƙiƙa. In gudun yana ƙaruwa daidai wa daida, sai ta yi tafiyar kusan mita 19 kafin wutar ta mutu. To bututun ƙaramar bindiga nawa yake? Ka ce santimita 13. Bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan tafiya ba. Lokacin da rokar ta fito baki, gudunta wajen mita 30 ne a daƙiƙa, ƙarfin dukanta kuma wajen jul 6, wato ma'aunin da muke auna kuzarin abu mai motsi da shi. Wannan bai fi dutsen danƙon da yara ke harbin tsuntsu da shi ba. Harsashin milimita 9 kuwa da jul kusan 500 yake fitowa. Rokar tamu tana tara wajen jul 40 a kowace mita, don haka sai ta yi mita 12 ko 13 kafin ta kamo shi, sannan ta wuce shi ta kai jul 700 da ɗoriya a inda wutarta ta ƙare.

In kana son ka ji bambancin a jikinka, duba ƙarfin turin. Rokar tana tura kanta da ƙarfin da bai fi nauyin kilo huɗu ko biyar ba. Albarushin ƙaramar bindiga yana tura harsashi da ƙarfin nauyin rabin tan. Ɗaya doguwar turawa ce a hankali, ɗaya mari ne guda.

Ba ina cewa ba ta da haɗari a kusa ba. Abu mai wuta a gindi, wanda ke ci gaba da kutsawa ko ya tokari jiki, zai yi rauni, zai iya tsiyayar da ido. Amma ka duba inda ake buƙatar ƙaramar bindiga: cikin ɗaki, bakin ƙofa, lungu, taku biyar ko goma. A daidai wurin da aka yi ta dominsa, nan ta fi rauni. A labarinka, in jarumi ya ɗora wa mugu bakin irin wannan bindiga a ƙirji cikin matsattsen zauren jirgin sama jannati, ya zaɓi wuri mafi muni da zai yi amfani da ita.

Matsala ta biyu ta fi wannan tsanani, kuma ita masu fim suka fi mantawa, wato saiti. Harsashin bindiga yana samun gudunsa duka alhali bututu na riƙe da shi ta kowane gefe, ba shi da damar karkata. Tsagin da aka murɗa a cikin bututun kuma yana sa shi juyawa, ya fito a miƙe kamar katantanwar da yaro ya murza da kyau. Roka kuwa kashi 99 cikin ɗari na tafiyar da take ƙara gudu a cikinta a fili take yi, babu mai riƙe ta. Duk inda hancinta ya kalla a wannan ɗan lokaci, can wutar za ta kai ta. In turin ya kauce da digiri ɗaya tak, a nisan mita 100 an bar abin hari da kusan mita biyu.

Masu Gyrojet sun san haka, shi ya sa suka huda ƙananan ƙofofin hayaƙi a gindin rokar a karkace, don hayaƙin ya riƙa murza ta yayin da yake tura ta. Daga nan ma sunan ya samo asali: "gyro" juyi ke nan, "jet" kuma feshin hayaƙi. Dabarar tsohuwa ce: wani Baturen Ingila, William Hale, ya yi rajistar rokar yaƙi mai juya kanta da karkatattun ƙofofi tun 1844. Juyin yana rarraba kuskuren ta kowane gefe har ya kusa shafewa. Sai dai a lokacin da rokar ta fito baki, juyin ma bai kankama ba, kamar yadda gudun bai kankama ba. Kuma ƙofofin nan ƙanana ne ƙwarai. In ɗaya ta fi 'yar'uwarta faɗi da abin da ido ba ya gani, ko wani ɗan ɓurɓushi ya toshe ta, sai rokar ta shiga yin tangaɗi a hanya. Harsashin dalma na yau da kullum dunƙulen ƙarfe ne da inji ke fitar da dubbai cikin sa'a. Harsashin roka kuwa kowane ɗaya inji ne mai zaman kansa da ke buƙatar aikin mai gyaran agogo, ga shi sau ɗaya za a yi amfani da shi. Tsada ke nan, kuma tsadar a kan harsashi take, abin da ake saye kullum, ba a kan bindigar da ake saye sau ɗaya ba.

Iska ma tana da nata. Abin da ke tafiyar mita 30 a daƙiƙa, iskar hunturu mai mita uku ko huɗu a daƙiƙa ba ƙaramar abokiyar gaba ba ce gare shi. A nan akwai wani abin mamaki da aka sani game da RPG-7, makamin kafaɗa na Tarayyar Sobiyet da ya fito a 1961, wanda abin takaici sunansa ya zama sananne a labaran yankinmu. Harsashi na yau da kullum iska tana kora shi inda ta nufa. Rokar RPG-7 kuwa tana da fikafikai a wutsiya, iska ta ture wutsiyar, hanci ya juyo ya fuskanci inda iskar ke fitowa, wuta kuma ta tura ta can. Wato tana karkata ta shiga cikin iskar. Marubucin da ya sa wannan a labarinsa, duk wanda ya san makami zai gane ya yi bincike.

Akwai kuma batun asara. Lissafin da masanin Rasha Konstantin Tsiolkovsky ya wallafa a 1903 yana gaya mana yawan makamashin da roka ke buƙata don ta kai wani gudu. In hayaƙin na fita da gudun mita 2,000 a daƙiƙa, rokarmu mai giram 12 sai ta ƙona wajen giram 2 kafin ta kai mita 380. Harsashin milimita 9 da ƙasa da rabin giram na albarushi yake aikinsa. Bindiga tana mai da kusan kashi ɗaya cikin uku na kuzarin albarushi zuwa gudun harsashi, rokar nan ko kashi goma cikin ɗari da ƙyar take kaiwa, domin galibin kuzarin hayaƙi ne ke gudu da shi ta baya. In kuma kana son ta kai mita 900 a daƙiƙa irin na dogayen bindigogin soja, fiye da sulusin nauyinta sai ya zama makamashi, abin da ya saura kuma fanko ne mara nauyi da iska ke saurin tsayarwa.

Doka ma ta sa hannu. A 1968 Amurka ta kafa dokar da ta sa makamin da faɗin bakinsa ya wuce rabin inci cikin rukuni mai tsananin ƙa'ida. Milimita 13 ta ɗan haura, sai kamfanin ya rage zuwa 12. Wannan bai ceto kasuwar ba.

To in haka ne, me ya sa rokar kafaɗa ta yi nasara tun daga bazukar Amurka ta 1942 har yau? A nan ne zuciyar maganar take, kuma in ka riƙe ta za ka iya auna kowace bindigar da ka gani a fim. Harsashi da gudunsa yake ɓarna. Rokar kafaɗa kuwa da abin da ke kanta take ɓarna. Kan RPG-7 nakiya ce da aka tsara ta huda sulken tanka, ko da gudu ta iso ko a hankali aikinta ɗaya ne. Kayan yana da nauyin kilo biyu ko fiye, kuma in ka ce za ka cilla kilo biyu da gudun mita 300 a daƙiƙa ta hanyar bindiga, shurin zai karya kafaɗar mai harbi. A nan rashin shuri ya zama dole, asarar makamashi kuma ta zama abin da za a iya jurewa. Roka abin dakon kaya ce. In babu kaya, in ƙarfe ne zalla ake son ya isa da gudu, bututu ya fi ta ta kowace fuska.

Ka kuma lura da yadda RPG-7 ta magance matsalar fitowa a hankali. Wuta biyu gare ta. Ta farko albarushi ne da ke wurgo ta daga bututu da gudun sama da mita 100 a daƙiƙa, hayaƙinsa na fita ta bayan bututun, wanda ya sa tsayawa a bayan mai harbi ko harbawa cikin ƙaramin ɗaki ke da haɗari. Sai ta yi wajen mita goma sannan injin rokar ya kama, don kada ya babbake fuskar mai ita, ya kai ta kusan mita 300 a daƙiƙa.

Wannan tsari na wuta biyu shi ne waɗanda suka ƙirƙiro Warhammer 40,000, wani wasan yaƙi na ƙagaggiyar duniya, suka bai wa shahararriyar bindigar mayaƙansu, kuma a ganina sun fi yawancin masu fim tunani. Harsashin nata kaurinsa kashi uku cikin huɗu na inci ne, wajen milimita 19, kusan faɗin bakin babbar bindigar farauta mai harsashin ƙwaya. Albarushi ya fitar da shi, roka ta karɓa, ya shiga jiki sannan ya fashe. Tunda fashewa ce ke aikin, sun tsaya a gefen da roka ke da amfani. Nakiya mai ƙarfi tana ɗauke da wajen jul 4,000 a kowane giram, don haka giram biyar sun ninka kuzarin harsashin AK-47 sau goma. Inda nake da ja shi ne wuri. Cikin abu mai kaurin babban yatsa ana son a cusa makamashin roka, da nakiya, da na'urar da za ta san lokacin tashi, da ƙarfen hanci mai huda sulke, kowanne kuma yana cin rabon ɗan'uwansa. Sannan in albarushin farko ya isa ya sa harsashin ya yi kisa tun daga baki, to shurin da aka gudu ya dawo, da bututu mai nauyi. Su dai sun ba mayaƙansu jikin ƙattai da sulke mai inji, wanda amsa ce da ta dace da duniyarsu. Kada ka manta kuma harsashi mai fashewa ba a barin sa ya ɗanu sai ya yi nisa da mai harbi. Gurnetin milimita 40 da sojoji ke harbawa sai ya yi mita goma sha wani abu kafin ya zama mai tashi. A duniyarmu ma akwai yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin St. Petersburg na Rasha a 1868, wadda ta hana amfani da harsashi mai fashewa da nauyinsa bai kai giram 400 ba a kan mutane. Labarin da ke da dauloli da dokokin yaƙi zai iya cin moriyar wannan.

Wuri na biyu da roka ke da hujja shi ne harsashi mai bin abin hari, irin wanda aka nuna a fim ɗin Runaway na 1984. Dalilin ba a fili yake ba sai an yi lissafi. Harsashin milimita 9 a cikin bututu yana shan fizgar da ta ninka jan ƙasa sau dubu sittin da wani abu. Rokarmu kuwa sau 400 kacal. In za ka sa wa harsashi ido da 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da abin juya shi, fizgar farko tana neman ragargaza su, ta biyu kuwa da sauƙi. Kuma in harsashi na iya gyara hanyarsa, matsalar saitin da ta kashe Gyrojet ta kau. An fara taka wannan hanya: a 2015 kamfanin Raytheon ya nuna Pike, ɗan makami mai linzami mai kaurin milimita 40 da ke bin hasken leza zuwa nisan kusan kilomita biyu. Hukumar binciken sojan Amurka, DARPA, ta gwada harsashi mai gyara hanya a shirinta na EXACTO, ko da yake shi ba roka ba ne. Abin da ba zai yiwu ba shi ne harsashi ya sha kwanar lungu kamar akuya. Abu mai gudun mita 300 a daƙiƙa, ko da zai jure lanƙwasar da ta ninka jan ƙasa sau 30, da'irar da zai zaga sai ta kai mita 300 daga tsakiya zuwa gefe.

Game da sararin samaniya, mutane da yawa suna zaton bindiga ba ta tashi inda babu iska, shi ya sa ake buƙatar roka. Ba haka ba ne. Albarushi yana ɗauke da oksijin ɗinsa a jikinsa. Sobiyet ma sun harba igwa daga tasharsu ta sararin samaniya mai suna Salyut 3 a farkon 1975, lokacin babu kowa a ciki. Shurin ma bai kai yadda ake zuzuta shi ba: ɗan sama jannati mai kilo 120 da kayansa, in ya harba milimita 9, baya zai tafi da gudun santimita biyu da rabi a daƙiƙa. Abin da zai dame shi juyi ne, domin hannu ba a tsakiyar nauyin jiki yake ba, kowane harbi zai riƙa wuntsila shi a hankali. A nan roka na da ɗan fifiko na gaske, ga shi babu iskar da za ta kautar da ita ko ta rage mata gudu bayan wutar ta mutu. Sai dai fikafikai ba su da aiki a can, dole ta dogara da juyi ko ƙananan ƙofofin hayaƙi na gefe.

In ni ne kai, zan bai wa jarumin bindigogi biyu, ko bindiga mai baki biyu: na harsashin ƙarfe don kusa, na roka mai kaurin milimita 20 zuwa 40 don nesa, 'yan ƙwayoyi kaɗan masu tsada waɗanda yake ƙirgawa kafin ya taɓa. Kuma in ka zo rubuta harbin, kada ka sa ƙarar bindigar da aka saba. Rokar za ta fito da huci mai kaifi, hayaƙi mai zafi ya bugi hannunsa da gilashin hularsa, sannan can gaba, wajen mita 15, a ji tsawa lokacin da ta keta gudun sauti, wanda yake wajen mita 340 a daƙiƙa. Duk wannan cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ne, don haka babu wanda zai gan ta tafe ya sunkuya. Da dare kuma wutar gindinta za ta ja layi daga hannunsa zuwa inda ta mutu, duk maƙiyin da ke wurin ya ga daga inda aka harbo.